Karan Sigari a Cikin Tsiron Alkama

A Shiraz ko yaro ya san cewa abin da sabuwar shekara ta same ka kana yi, shi za ka yi ta yi har ta ƙare. Shi ya sa in lokacin juyawar shekara ya matso ba ka ganin mai barci, ba ka jin mai faɗa. Kowa ya yi wanka ya sa sababbin kaya, ya zauna gaban shimfiɗar Noruz, wato bikin sabuwar shekarar, yana murmushi ko da na dole ne. Hushang direban tasi ya san wannan sarai. Duk da haka shekarar bana a kan rufin gida ta same shi, da karan sigari a hannu.

Alkawari kam ya yi, a gaban mutane ma. 'Yarsa Mahtab ta haihu cikin tsananin sanyi, yaron ya zo da ƙirji mai rauni, in yana numfashi sai ka ji kamar ana busa ɗan usur. Likita ya ce ko warin hayaki a jikin riga kada ya shaƙa. Mahtab kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, halin uwarta ta kwaso.

"Baba, ina son ka, Allah ya sani," ta ce. "Amma muddin kana wannan warin, daga bakin ƙofa za ka riƙa ganin Kiyan."

Maganar ta soke shi. Jikansa na fari, ya yi ta leƙensa daga nesa kamar baƙo. Nan take ya rantse daga sabuwar shekara ya bar sigari. Mahtab ta ce to, ranar sha uku ga wata, da kowa ke fita bayan gari ya yini a kan ciyawa, za ta shinshina shi. In ba ta ji komai ba za ta sa masa yaron a hannu.

Juyawar shekarar ta faɗo bayan la'asar. Matarsa Farangis ta gama jera komai, madubi da kyandir, tuffa da tafarnuwa, ƙwai masu launi, ga tsiron alkamar da ta shuka a faranti ya yi shar. Hushang ya dubi agogo ya ga da saura. Sai zuciya ta ce masa, abin da kuka shekara talatin tare ai a yi sallama. Ya ce zai duba tankin ruwa, ya haura sama.

Iska ta yi ta kashe masa ashana, shi kuma ya nace. Da ƙyar ta kama. Ya ja sau ɗaya, sai ya ji ƙarar igwa daga talabijin ɗin unguwa gaba ɗaya, alamar shekara ta juya, ganga da algaita suka biyo baya, yara suka ɗau ihu. Ya cusa sigarin cikin wani farantin tsiron alkama da Farangis ta ajiye a rufin don ya sha rana, ya sauko da gudu har yana tuntuɓe.

"Tankin lafiya?" Farangis ta tambaya, ba ta ɗago daga Alƙur'anin da ke gabanta ba.

"Lafiya lau," ya ce, ya sumbaci goshinta yana riƙe numfashi.

Tun daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Tambaya ɗaya ce ke cinsa: da igwar ta tashi, yana zuƙa ne ko ya riga ya cire daga baki? Ya juya abin ta kowace fuska, bai samu amsa ba. Tsoro ya kama shi na gaske, don in yana zuƙa ne to an gama, duk wahalar da zai sha ta banza ce.

Ga wahalar kuma ba kaɗan ba. Gari ya cika da baƙi, hanya ta cushe, hannunsa na ta kai kansa aljihun riga yana dawowa wayam. Ya ɓare soyayyun 'ya'yan kabewa har leɓensa ya tsage. Ya yi wa wani fasinja tsawa a kan rufe ƙofa, ya dawo yana ba shi haƙuri. Kowane gida suka je gaisuwar shekara, shayi ne da ƙwayar sukari, kuma shayi ba sigari a wurinsa kamar miya ba gishiri ne. Bai sha sigari ba. Amma kowace safiya yakan tashi da tunanin yau ce ranar da zai faɗi, tun da an riga an rubuta.

Ranar fita suka shimfiɗa darduma a bakin wani rafi, aka ɗora tukunyar miyar taliya da ganye. Mahtab ba ta iso ba tukuna. Karamat, ƙanen Farangis, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ja shi bayan wata bishiya ya zaro kwali.

"Haba angon yayata, dubi yadda ka rame, kamar an jiƙa kaza. Karɓi ɗaya."

"Na bari."

"Ka bari a ina? Maƙwabcinku ya ce ya hango ka a kan rufi ana buga igwa, hayaki na tashi kamar gidan burodi. Shekara ta riga ta same ka da ita, malam. Ko yau ko gobe, duk ɗaya ne. Me za ka wahalar da kanka?"

Gaban Hushang ya faɗi. Ashe har an gani. Ya dubi karan da ke miƙe gabansa, fari tas, yawu ya taru masa a baki. Yatsunsa har sun fara tafiya.

"Hushang!" Muryar Farangis ce daga bakin ruwa. "Zo ka jefa wannan, hannuna da maiƙo. Kai kuma Karamat, ka ji kunya, da furfurarka."

Al'ada ce a ranar a jefa tsiron alkama cikin ruwa mai gudu, ya tafi da duk wani sharrin gida. Ya je yana jan ƙafa. Da ta miƙo masa sai ya ga ba na shimfiɗa ba ne, na rufi ne. Ga karan sigarinsa nan a tsakiya, a lanƙwashe, kusan ɗungurungum, ta bar shi yadda ya cusa shi.

Kunya ta rufe shi. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Na haura sama kiranka a ranar," ta ce a hankali, tana kallon ruwa. "Ina kan matakala aka buga igwa. Da idona na gan ka, kashe ta kake yi."

Ya dube ta. Tun da ya aure ta, Farangis ba ta taɓa tashi daga gaban shimfiɗa a lokacin juyawar shekara ba, ko gobara ake. A zaune ya bar ta, a zaune ya same ta. Ya san haka, ita ma ta san ya sani.

"Kin tabbata?" ya ce.

"Ni za ka tambaya haka? Kashewa shekara ta same ka kana yi, kashewa za ka yi ta yi. Yau ka kashe, gobe ka tashi ka sake kashewa. Wa ya ce maka sau ɗaya ake yi? Jefa, mutum, miya na ƙonewa."

Ya ɗaga tsiron daga farantin ya jefa. Ruwa ya juya shi sau biyu ya yi gaba da shi. Sha'awar ba ta bi ruwan ba, tana nan daram a maƙogwaronsa, kuma ya gane gobe ma zai tashi da ita.

Motar su Mahtab ta tsaya a bakin hanya. Ta fito da yaron naɗe cikin bargo, ta nufo shi kai tsaye, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta shinshina wuyan rigarsa, ta kama hannunsa na dama ta shinshina yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Warin 'ya'yan kabewa kake yi, Baba," ta ce, idonta ya ciko. "Zauna tukuna."

Ya zauna a kan ciyawa. Ta sa masa Kiyan a ƙirji, daidai kan aljihun da kwalin sigari ya saba zama.