Roba a Hancin Batula

Kafin komai ina neman afuwar mai karatu a kan munin rubutuna. Sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau alƙalami rawa yake a hannuna. Abin da ke zuciyar Malam Hudu na Ɗantutture nake so in sa a takarda, yadda ya zo masa, ban daidaita shi ba.

…kuma a gaban mata ta faɗa, a gaban matarsa Sa'adiya. "Malam, fita waje." Yarinyar da ya isa ya haifa, wai ita nas. A kore shi daga gadon ɗiyarsa kamar akuyar da ta shiga shanya? Ga shi zaune a barandar asibiti a Dutsin-Ma, rana tsaka, siminti yana ƙona shi ta cikin wando, ta taga yana jin injin nan yana huci. Shuu… shuu… ba ya hutawa.

Kwana biyu Batula tana kwance, wata biyar da haihuwa, ko allura ɗaya ba a yi mata ba. Ko ɗaya. Ya ɗauko su a babur, hanya duk taɓo, ƙirjin yarinya yana lotsawa tsakanin haƙarƙari — don a ba ta iska? Iska ce babu a Ɗantutture? Likita ya ce ƙananan hanyoyin numfashi ne suka kumbura a huhunta, majina ta cushe su. Wai allura ba ta kashe wannan ciwo, sai dai a riƙa tura mata iska mai ɗumi da laima, da ƙarfi, ta sauƙaƙa mata numfashi har jiki ya gama nasa yaƙin. Magana mai daɗin ji. Bututu kamar na injin ban-ruwa, ɗan tulun ruwa yana gumi, ƙahonnin roba biyu a hanci, filasta a kumatu…

Musaddiq ma filasta aka liƙa masa.

"Duk wanda ka ga an sa ma robar nan, sallama ake yi mashi." Inno ke nan, mahaifiyarsa, a waya da safe. "Ka cire mata, Hudu. Mun ba su ɗaya, ba mu ƙara ba su." Kowa ya san haka, daga Kurfi har Barkiya. Shekara uku ke nan. Da la'asar aka sa wa ɗansa Musaddiq robar, kafin magariba an naɗe shi a zanen uwarsa, shatin filasta a kumatunsa har cikin kabari —

Shi ya sa ya cire. Sa'adiya ta koma lungu tana tatsar nono a kofi, nas ta juya baya, ya sa yatsa biyu ya zare. A hankali, da bisimilla. Ba ubanta ba ne? Wa ya fi shi iko da hancinta?

Sai lambar nan. Ɗan abu mai jar wuta da aka maƙala mata a yatsan ƙafa, shi ke kai lambar iskar da ke jininta allo. Casa'in da huɗu. Casa'in. Tamanin da bakwai… ƙofofin hancinta suna buɗewa suna rufewa, kanta yana rausaya da kowane numfashi, leɓɓa kamar an shafa musu toka. Tamanin da ɗaya, na'ura ta ɗau ƙara. Kofi ya faɗi, nono ya malale a ƙasa. Sa'adiya ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai ta yi. Shekara tara da aure, bai san tana da wannan ido ba.

Da aka mayar da robar, lamba ta hau. Ya gani kafin a kore shi. Tamanin da takwas, casa'in da biyu. Wannan ne ke cin ransa, ba korar ba. Me ya sa ta hau? In robar nan kisa take, me ya sa —

Kwana nawa Musaddiq ya yi yana tari a gida? A'a. Ba zai ƙirga ba. Gero ne ya nuna, hadari yana haɗuwa kullum, babu mai taya shi yanka. An yi wa yaro hayaƙi, an ba shi rubutu, wanzami ya cire masa beli. Ba a zauna ba ai. Sa'adiya ta ce, "Malam, a kai shi." Ya ce bari a ɗaure gero. Ta sake cewa, "Malam, ya bar kama nono." Ya ce bayan kasuwar Kurfi. Shida… bakwai. Kwana bakwai. Nas ta wancan lokaci ta tambaya, ina kuka tsaya? Ya yi kamar ba da shi take ba.

Ya dawo gida ya ce robar ce.

Shi. Ba Inno ba. A zaman makoki, bisa tabarma, dattawa suna gyaɗa kai. Shi ya kai maganar ƙauye a babur ɗinsa, ya shuka ta, ya bar tsohuwa tana yi mata ban-ruwa shekara uku, yau ta miƙo masa ita ta waya. Gidaje nawa suka ji? Yara nawa aka ƙi kawowa?

Waya tana rawa a aljihu. Ƙanensa Jibo ne.

"Yaya, mun wuce Kurfi. Inno ta ce ku naɗe kaya, gida za ta mai da yarinya."

Minti nawa ya rage? Da wane baki zai tare ta? Ya ce, Inno, robar ba ta kashe kowa ba? Sai ta ce, to mi ya kashe shi? A gaban Sa'adiya za ta tambaya. Sa'adiya da ta sani, ta yi shiru shekara uku tana kai masa ruwan alwala…

Ya miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofar da aka kore shi, ya ba ɗakin baya, ya fuskanci titin da Inno za ta ɓullo. Shuu… shuu… Lamba nawa yanzu? Ba ya iya gani daga nan.

Iya nan na iya kaiwa. Wanda ya ga kuskure a harafi ko a magana, ina roƙonsa don Allah ya gyara mini.