Dubiyar da Ta Tayar da Inna Fatsuma

Raliya matar Malam Datti ce, ɗalibin ilimi daga Katsina, suna haya a unguwar Mansur a Makka. Ranar Alhamis takan je wani asibiti aikin sa kai, a ɗakin marasa lafiyar da magani ya daina yi musu aiki. Can ta koyi juya majinyaci ba tare da an fama masa ciwo ba, ta koyi sassauta murya da zama shiru. Duk unguwa an san inda take zuwa.

A saman benensu akwai Inna Fatsuma, haifaffiyar Makka, mai sayar da dambu da wani yaji da ba wanda ya san haɗinsa. Da aka kwana biyu ba a ji faɗanta a tsani ba, Raliya ta hau dubiya. Ta tarar da ita kwance, gwiwa ta kumbura.

Raliya ta gyara mata matashi, ta rage sanyin ɗakin, ta riƙe hannunta. Can ta ce a hankali, "Inna, akwai wanda kike son gani?"

Tsohuwa ta zaro ido. "Ke ba Alhamis kike aikinki ba, ya binti? Yau Litinin."

"Na ga ya kamata in zo ne, Inna."

"Innalillahi! Likita ya faɗa miki abin da ya ɓoye mini. Halas, shi ke nan, kira min Khalida."

Raliya ta ji daɗi, don ta san Khalida maƙwabciya ce mai sayar da dambu ita ma, kuma sun daɗe ba sa ga maciji. Khalida ta zo, aka rungume juna ana kuka. Inna ta yafe mata, ta ba ta babbar tukunyarta, sannan ta jawo kunnenta ta raɗa mata sirrin yajin. Raliya na gefe tana share hawaye, tana cewa a ranta lallai horon asibiti bai faɗi ƙasa banza ba.

Da la'asar jikar Inna, Lujain, ta shigo da magani, ta ga ana ta addu'a. Ta ce da Hausarta mai gargada, "Wallahi kaka ba komai! Duktur ya ce man shafawa kawai, bas, da tafiya kaɗan kaɗan."

Inna ta juyo kan Raliya. "To me ya kawo ki da wannan murya ta masu wankan gawa?"

"Gwiwarki, Inna."

"Gwiwa ake tambaya wa take son gani?"

Washegari ƙamshin yaji ya taso daga ƙofar Khalida, har da layin masu saye. Inna, wadda 'ya'yanta suka yi ta lallashi ta taka ƙasa ta ƙi, ta yunƙura ta nemi mayafi. Raliya ta ruga ta tallafe ta ta gefen ƙafar mai ciwo, suka soma sauka.

"Ki riƙe ni da kyau," in ji Inna tana haki, "amma kada ki kuskura ki yi mini magana a hankali."

Raliya ta ɗaga murya har bene ya amsa: "Saura hawa ɗaya, Inna!"

"Yauwa. Yalla, mu je in ga idon matar nan."