Koren Layi Zuwa Ofishin Walwala

…kuma ya ce kada in kauce wa koren. Mai gadin ɗakin kwanan ɗalibai ne ya faɗa, yana nuna ƙasa da bakin sandarsa. "Mama, jan layin na asibiti ne, shuɗin na wajen rajista. Ki bi koren, shi zai kai ki har ƙofar ofishin walwala. Na masu damuwa ne." Na masu damuwa. Haka ya faɗe shi, kamar mai kwatancen shagon sabulu.

To ga ni ina bi, Auta. Uwarka da girmanta, kai a sunkuye, tana bin fenti a ƙasa kamar wadda allura ta faɗi mata.

Ina mutanen jami'ar nan suka shiga ne? Azahar ba ta daɗe da wucewa ba, amma barandar nan ko tari babu. Ƙofofi a jere, duk a rufe, duk launi ɗaya. An ce wai jarrabawa ake yi... jarrabawa tana haɗiye mutane haka? Ƙwan lantarkin can yana ta ƙifta ido. Silifas ɗina ne kaɗai ke magana, fat, fat. In na tsaya sai in ji kamar an ƙara taku ɗaya a bayana kafin a tsaya. Ba zan waiga ba. Me zan waiga in gani?

Abokin ɗakinka ne ya kira ni. Kada ka yi fushi da shi, yaron kirki ne. "Mama, don Allah kada ya san ni na faɗa." Wai ka daina shiga lacca. Wai zama kake yi a bakin gado, fuskarka na kallon bango, takalma a ƙafa, an ɗaure igiyarsu tsaf kamar mai jiran mota. Wai in azahar ta wuce sai ka miƙe ka fita, ba wanda ya san inda kake zuwa, ka dawo ido jawur.

Takalma a ƙafa...

Ina kan keken ɗinki ya faɗi haka. Ƙafata ba ta daina takawa ba, sai da na ɗinke hannun rigar mutane da jikinta.

Babanka ma — a'a. Ba yanzu ba. Hagu. Layin ya karya hagu a wajen famfon nan mai ɗiga. In riƙe: famfo, sai hagu. Matakala, sai dama. Dole in haddace hanyar, don gobe ni zan kamo wuyan hannunka in kawo ka, kamar ranar da na kai ka rigakafi kana ihu kana cizon mayafina. Famfo, hagu. Matakala, dama.

Dubi fentin nan. Gefe da gefe kore shar, tsakiyarsa ya goge har siminti ya fito. Ƙafa ce ta cinye shi. 'Ya'yan mutane ne duk suka bi ta nan har suka cinye fenti? Iyayensu na gida suna cewa yaro yana jami'a, madalla, Allah ya yi albarka...

Babanka ma haka ya fara. Zai dawo daga garejin da yake kanikanci, ba zai wanke baƙin man hannunsa ba, ya zauna a kan benci da takalmansa, yana kallon bango. In ce ga abinci. Ya ce to. Abinci ya huce, to ɗin tana nan. 'Yan'uwansa suka ce a ƙyale shi, tunani ne, namiji ba ya rasa tunani. Wa zan kai wa ƙara? A garejin akwai koren layi ne? Wata safiya ya fita, ko sallama bai yi ba. Mutane ne suka dawo mini da takalman daga bakin kogi, a jiƙe, cikin leda.

Kai fa, Auta, ina kake zuwa bayan azahar?

Na ga ɗakinka ɗazu. Ba ka nan. Gadon a gyare, gyaran da ban taɓa ganin ka yi ba, kai da sai na yi ta faɗa kafin ka ɗauke tawul daga ƙasa. Rigar da na ɗinka maka tana nan a ninke, har allurar da na manta a wuyanta ba ka cire ba. Na leƙa ta taga. Bene ne mai tsawo. Me ya sa suke ajiye yara a bene mai tsawo haka? Na rufe tagar, na sa sakata, na sake dubawa.

Matakala. Gwiwoyin nan... Yayarka ta ce in bari ta zo, wai ni ba zan gane komai a nan ba, zan ɓata. To ga shi ban ɓata ba. Wanda ya iya bin layin alli a kan yadi zai iya bin wannan.

Ruwa ake yi?

Shhhh... kamar ruwan sama a kan kwano. Amma ga rana can ta taga, fau. Daga ƙarshen barandar ƙarar ke fitowa, inda layin ya ƙare. Ya ƙare a ƙasan wata ƙofa, kamar ya shige ciki ya ci gaba ba tare da ni ba. Ofishin Kula da Walwalar Ɗalibai. Na karanta da kaina, a hankali, ba wanda ya taya ni.

Ciki sanyi. Kujeru a jikin bango, ba kowa a kai. Wata 'yar kanta a gefe, da jakunkuna a jere. Wata ƙofar kuma a can ciki, a rufe, a gindinta wani ɗan farin akwati — shi ne ke ƙarar ruwan saman. Ga sakatariya a bayan tebur, yarinya ce, ba ta fi yayarka ba, da tabarau, tana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan rasuwa. Wai akwatin don kada na waje ya ji abin da na ciki ke faɗa ne. Injin ɓoye magana. Har inji suka yi wa abin.

Na zayyana mata komai. Ba ya barci, ba ya ci, yana kallon bango. Kamar yadda nake yi a kemis in kana zazzaɓi: in faɗi alamu, a ba ni magani, in kai gida. Har na buɗe bakin jakata. Na ce ki ba ni, 'yata, ko mene ne, ni zan kai masa, ni na san yadda ake lallaba shi ya sha.

"Ba abin da ake ƙullewa a leda ba ne, Mama. Shi zai zo da ƙafarsa. Kina iya rako shi har ƙofa, amma ciki shi kaɗai da mai ba da shawara."

Leda. Da ta san abin da aka taɓa ƙulle mini a leda...

Na ce to ya taɓa zuwa? Na faɗi sunanka, na faɗi sashenku. Wai ba za ta iya gaya mini ba. Ko ka zo, ko ba ka zo ba, ba za ta faɗa ba. Ni? Ni da na haife ka? Ni da na san tabon da ke bayan kunnenka? Wai da yawa cikin ɗaliban in suka ga wani na gida a nan, ko suka ji an kai labari, shi ke nan, ba sa sake takowa. Kunya ke kore su. Shi ya sa ake rufe baki.

Na ce yarinya, ɗana ya fita tun ɗazu, ba a san inda yake ba, ubansa haka ya fita. Na faɗa. Ban taɓa faɗa wa baƙo ba, yau na faɗa. Ina jira ta zabura, ta ɗauki waya, ta tara masu gadi a bazu nema. Ba ta zabura ba. Idonta ne ya ɗan gilma gefe, ƙiftawa ɗaya, ya dawo kaina. Wai in kwantar da hankalina. Wai in je bencin baranda in zauna, za ta kawo mini ruwa. Wace irin zuciya ce da yaran yanzu? Ruwa na zo sha?

Ta fita. Ban je barandar ba, gwiwa ta ƙi. Na zube a kujerar nan ta kusa da kantar.

Shhhh...

Ina ake fara neman yaro a wuri mai girman gari? Akwai kogi a nan? Ban tambayi mai gadin ba. Me ya sa ban tambaya ba? Ya kamata in tashi. Famfo, hagu — a'a, in komawa ne sai ya zama dama. Matakala... Jakunkunan nan ma, kowa ya ajiye tasa ya shiga, kamar takalma a bakin ƙofa. Ga wata shuɗiya. Ga wata baƙa, madaurinta ya taɓa tsinkewa an ɗinke shi da —

Jan zare.

Baƙin zaren ne ya ƙare mini a ranar da za ka taho makaranta, motar kuma tana jira. "Haba Mama, ja a kan baƙi? Kowa zai san tela ce ta haife ni." Na ce to ƙarya ne? Ka yi dariya har kana riƙe ƙofa. Ɗinki biyu na yi, na koma baya na ƙulle, yadda nake yi. Ga ƙullin nan a ƙarƙashin yatsana. Nawa ne. Ba wani tela a duniya...

Auta?

A cikin ruwan saman nan akwai murya. Ba na jin kalma ko ɗaya, injin yana aikinsa. Amma gyaran muryar nan kafin a fara magana, irin na babanka, wanda ka gada ba ka sani ba... Kai ne. Kana ciki. Nan kake zuwa bayan azahar. Ba kogi ba, ba saman bene ba. Ƙafarka na cikin waɗanda suka cinye fentin.

Alhamdu lillahi. Alhamdu... me ya sa ƙirjina bai sauka ba?

Magana kake yi. Kana ta yi, ba tsayawa, kamar famfon can da ya ƙi rufuwa. Ni kuwa a waya: lafiya lau, Mama. Karatu fa? Lafiya lau. Kana cin abinci? Lafiya lau. Duk wannan maganar a ina ka ajiye ta? Me kake gaya wa baƙo? Ledar? Kana ƙarami lokacin, na tura ka ɗaki, na ce ka rufe ƙofa. Ashe ba ka rufe ba?

Wa ya nuna maka hanyar ma? Mai gadin? Da sandarsa, haka kawai, ja na asibiti, kore na masu damuwa? Ka sunkuyar da kai ka bi, kai kaɗai, ba wanda ya riƙe maka hannu. Ni kuma na taso tun daga gida ina haddace famfo da matakala...

In suka ga wani na gida, ba sa sake takowa.

Tashi. Tashi mana, baiwar Allah. Shi ya sa sakatariyar ta ce baranda, shi ya sa idonta ya gilma. In ka buɗe ƙofar nan ka gan ni da hannuna a kan jakarka, gobe ina za ka je bayan azahar? Amma barandar miƙaƙƙiya ce, ba lungu, ba kwana sai wajen matakala, ni kuma ba sauri gare ni ba. Za ka hango bayana. Mayafin nan ko a cikin kasuwa ka san shi.

Ina son in ga fuskarka. Sau ɗaya. In ga ko ka rame.

Muryar ta tsaya. An ja kujera a ciki.

Ruwan saman bai tsaya ba... yatsana ya ƙi sakin zaren... gwiwa, don Allah, ki ɗaga ni, yau kaɗai —