Hancin Gida

Inuwa na tsaye a tsakiyar falo yana fifita da jarida, yana satar kallon mahaifinsa, gumi kuwa har ya jiƙa masa wuyan riga. Tun da hantsi ya buɗe tagogin gidan kaf, ya kunna fanka, matarsa Larai ta yayyafa wa daɓen siminti ruwa har sau uku. Duk aikin banza, harara a duhu. Fankar ma iskar zafi kawai take juyawa, ta kwaso daga can ta watso nan.

Mahaifin nasa, Malam Shu'aibu magini, yana zaune a kan tabarma, don ya ƙi kujerun gidan. Sai dai ya ɗaga kai ya dubi silin, ya sunkuyar, ya ja carbi.

Wata huɗu ke nan da Inuwa ya tare a gidan nan na Nassarawa, unguwar da a da ɗan ƙasa ba ya kwana cikinta sai in kuku ne ko mai gadi. Da aka sami mulkin kai Baturen ofishinsu ya haɗa komatsansa ya tafi, kujerar da gidan suka faɗo hannun Inuwa. Abu ɗaya ya hana shi jin daɗinsu. Tun rasuwar innarsu tsohon nan yake zaune shi kaɗai a Gama, kuma bara da damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ba wanda ya sani sai da maƙwabta suka ji shiru. Inuwa ya roƙa ya roƙa a dawo gidansa, tsoho ya ce shi kwano na cin tuwo ya sani, ba na rufin ɗaki ba. Daga ƙarshe da ƙyar ya kafa sharaɗi: zai zo wuni ɗaya, in ya iya ƙailula a gidan, to ya zauna. In bai iya ba, kada a sake tada maganar. Kuma kowa ya san Malam Shu'aibu ba ya magana biyu.

To ga shi ya zaɓi Lahadin nan ta tsakiyar bazara, ranar da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa.

Bayan azahar aka kai shi ɗakin da aka gyara masa. Ya kwanta, ya juya dama, ya juya hagu. Inuwa na laɓe a bakin ƙofa yana addu'a a zuci, kamar mai jiran haihuwa. Ba a yi minti goma ba sai ga tsoho ya fito yana share wuya da gefen rawani.

Da yake Inuwa ɗan fari ne, uban bai taɓa kama sunansa ba, bai kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Saboda haka Larai ya duba, wadda ta durƙusa da kwanon ruwa a hannu.

"'Yata, tambayar min mai gidan nan. Ɗaki ya ba ni, ko tandar masa?"

Larai ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi kuwa Inuwa ya ji shi ke nan, an gama.

"Baba, ka ƙara haƙuri kaɗan, in rana ta yi sanyi..."

Tsoho bai saurare shi ba. Ya miƙa sandarsa ya taɓa silin, ya sauke, ya shafa kan sandar. Ya fita tsakar gida, ya ja da baya har gindin darbejiya, ya kare ido da hannu yana duban rufin. Can sama, ƙarƙashin tsinin kwanon, akwai wani faffaɗan katako an buga shi da ƙusa, an shafe shi da koren fenti sabo fil.

"Wancan fa? Me aka rufe?"

Daidai nan Shawulu mai lambu ya shigo, dawowarsa ke nan daga coci da farar rigarsa. Dattijo ne mutumin Wusasa, shekararsa goma sha tara a gidan, ya ga Turawa biyar sun zo sun tafi. Ya gaida baƙo, ya dubi katakon, ya dubi Inuwa, ya shiga sosa ƙeya.

"Faɗi mana," in ji Malam Shu'aibu. "Ko Bazazzagi ma ya koyi kunya?"

"Wallahi Malam, tagogin iska ne, ɗaya gabas ɗaya yamma. Da sanyi da suka tare, jemagu suka dami uwargida da dare. Maigida ya kira kafinta ya toshe. Na ce ranka ya daɗe, a sa raga dai, kada a rufe. Ya ce min zamanin Turawa ya wuce, gidan babban ma'aikaci ba ya zama da huji."

Kai! Da ƙasa za ta tsage da Inuwa ya shige. Wato shi da hannunsa, da kuɗinsa, har da zaɓen kalar fenti, ya gina wa kansa abin da zai kore masa uba.

Malam Shu'aibu ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Yau ga ranar da Bazazzagi ya fi Bakano hankali." Ya juya wajen Larai. "A gaya wa mai gidan nan, an kai shi makaranta ya karanta duniya, amma ba a gaya masa zafi sama yake hawa kamar hayaƙi ba? Duk soron da na gina sai na bar masa 'yar taga can ƙoli. Shi ya kama gida ya toshe masa hanci, sannan yana yi masa fifita. A kawo tsani."

Aka kawo tsani, aka kafa a lungun da ƙofar silin take. Tsoho ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya sa ƙafa zai hau. Inuwa ya yi wuf ya riƙe tsanin.

"Baba, don girman Allah! Ni na ɓata, ni zan hau."

Haka babban ma'aikaci ya cusa kai cikin rufi da guduma a hannu da tocila a baki. Zafin da ya tarbe shi sai da ya ga taurari. Duhu, yanar gizo, warin kashin jemage, kwanon nan kuwa in ka kuskura ka taɓa shi sai ya ɗauke maka fata. Daga ƙasa muryar uban na bin sa: a taka katako, kada a taka silin, in an faɗo ba shi da kuɗin ɗori. Inuwa ya rarrafa har bangon gabas, ya yi ta dukan katakon daga ciki har ƙusoshin suka saki, katakon ya faɗa cikin furannin Shawulu. Ya sake rarrafawa yamma. Da na biyun ya tafi, sai iska ta ratso rufin daga wannan kai zuwa wancan, ta bugi jiƙaƙƙiyar rigarsa. Bai san lokacin da ya yi kabbara ba.

"To, an buɗe hanci," in ji tsoho daga ƙasa. "Saura hula. Wannan silin ɗin ai fallen takarda ne, ba zai tare wutar kwano ba. Da azara ce da na ɗora masa ƙasa kamu guda, amma wannan ko tulu ba zai ɗauka ba. Akwai zana?"

Akwai zana kuwa, sababbi guda takwas, waɗanda Inuwa ya sa aka yi wa motarsa rumfa da su makon jiya. Kafin ya buɗe baki Shawulu ya riga ya fara kwance igiya, yana 'yar waƙarsa. Aka bar mota tsirara a rana.

Sai aiki ya kankama. Shawulu na yanka zana daidai faɗin ƙofar silin, Larai na miƙawa, Inuwa na shimfiɗawa biyu biyu a kan ɗakin Baba. Malam Shu'aibu ya hau tsani har rabi, kansa a cikin rufi, yana ba da umarni: a haɗa baki da baki, kada a kai zanar bakin kwano inda iska ke shigowa, a bar mata hanya. Rabon da a ji muryarsa ta ɗaga haka tun kafin mutane su koma bulo da kwano, aka daina kiransa gini. Har dariya ya yi, da Shawulu ya ce masa ashe Kanawa ma suna da abin da suka iya ban da ciniki.

Da Inuwa ya sauko, baƙi ƙirin in ban da ido da haƙora, Larai ta zube a ƙasa tana dariya har da hawaye. Aka shiga ɗakin. Ba a ce ya zama randa ba, amma nauyin nan da ke danne kan mutum ya ɗaga, har ana iya zama a yi hira.

Sai ga kiran sallar la'asar daga wajen Gawuna.

Murnar Inuwa ta koma ciki. Lokacin ƙailula ya wuce, Baba bai runtsa ba, kuma shi ba mai barcin bayan la'asar ba ne. Sharaɗi dai sharaɗi ne. Suka yi alwala, suka yi salla a gindin darbejiya. Da aka sallame tsoho ya mayar da babbar rigarsa, ya gyara rawani, ya ɗauki sanda. Inuwa ya tafi ɗauko makullin mota don ya mayar da shi Gama.

Ya dawo ya tarar da uban tsaye yana duban tagar gabas, Larai na durƙushe a gefe.

"'Yata, ɗaki ɗaya aka yi, saura huɗu. Ba a sa raga ba, jemagunki za su dawo. Kuma ni ban taɓa yi wa rufi shaida rana ɗaya ba. Sai na ga yadda ya yi da bazara, na ga damina, na ga ɗari." Ya gyara murya, idonsa na kan rufin. "A gaya wa mai gidan nan, tunda ya ɗauko makulli, ya je Gama ya kwaso min shimfiɗata da butata."

Inuwa ya tsaya yana lissafi. Bazara, damina, ɗari. In ɗari ya wuce kuma, ai bazara ce ke dawowa.

Ya ruga ya faɗa motar da ta wuni a rana, kujerar ta gasa masa baya, bai ko ji ba.