Ƙaurar Lauratu ta Bakwai

Shekara goma sha shida ke nan da auren Lauratu da Salmanu, amma in za a tattara kwanakin da suka kwana gari ɗaya, da ƙyar su kai shekara shida. Shi soja ne, saje. Ita kuwa 'yar gidan fatake ce, waɗanda kakanninsu suka zauna a Njamena tun garin bai wuce 'yan unguwanni ba.

Da fari duk inda aka jefa shi tana biye. Ta bi shi Musoro tana amarya. Ta bi shi Abeshe, inda ta haifi babbar 'yarsu Zahra. Ta bi shi Faya, can ta yi ɓarin cikin wata biyar yana bakin iyaka, matar wani kofur ce ta zauna da ita a asibiti. Da aka tura su Mali ta koma gidan iyayenta shekara biyu, da ya dawo suka tafi Mongo, aka haifi Ilham. Daga nan ne suka kama haya a Ngeli, wata unguwa a Njamena kusa da gadar Kuseri, shi kuma aka wuce da shi yankin Tafkin Chadi. Shekara uku ta yi a gidan nan, ba ta taɓa daɗewa wuri ɗaya haka ba. Har ta saki jiki ta sa kafinta ya yi mata kabad na katako, abin da a da ba ta taɓa yarda ta mallaka ba, don ba ya shiga bayan mota.

A damina ta ukun kogi ya cika ya tumbatsa. Mako biyu mazan unguwa suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa, ruwa yana binsu a hankali kamar mai jiran su gaji. Wata safiyar Talata Lauratu ta fito za ta hura gawayi, ta tarar da takalman yara suna yawo a tsakar gida. Ta tsaya tana kallonsu. Ba ta ji tsoro ba, gajiya kawai ta ji, tun kafin ta ɗaga komai.

Ta kira Salmanu sau biyar, wayar ba ta shiga. Ta san haka za a yi. Inda suke babu layi sai mutum ya hau kan tankin ruwa, shi ma sai ranar da aka yi sa'a. Sai ta kira gwaggonta Hajjo, ƙanwar mahaifinta, mai sayar da gwanjo a kasuwar Dembe.

"Gwaggo, ruwa ya shigo."

"To me kike jira? Ɗakin baya na nan babu kowa. Ki kwaso yaran ki taho nan Gudji. Askar fa, sojan naki, ya sani?"

"Wayarsa ba ta shiga."

"Yaushe ta taɓa shiga? Taho kawai."

Haɗa kaya ba baƙon aiki ba ne wurinta. Ta san abin da ke shiga akwatin ƙarfe na fari da abin da ke shiga na biyu, ta san yadda ake naɗe kofuna cikin zannuwa, ta san takardun haihuwa da na makaranta a jikinta suke tafiya, ba a cikin kaya ba. Kafin hantsi ta gama. Mai kwalekwale ya zo har ƙofar gida, ya ɗauki akwatunan da katifa da tukwane. Zahra ta ɗora littattafanta a ka, ruwa iya gwiwarta, Lauratu kuma ta goya Ilham duk da ta shekara shida. Da mai kwalekwalen ya leƙa ɗaki ya ga kabad, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan sai dai haƙuri. In na ɗora shi, mu duka za mu kife."

"Bar shi," in ji ta. Ta ja ƙofar, ta sa kwaɗo, ita kanta ba ta san wa take kulle wa ba.

Ɗakin Gudji ƙarami ne, taga ɗaya, rabinsa dilolin gwanjon Hajjo sun cinye. Suka matsa su gefe suka shimfiɗa katifa. Daga ranar zirga-zirga ta fara. Makarantar yaran ta Ngeli ruwa ya ci ta, Zahra kuwa a ajin jarrabawa take, ba a wasa da shekarar. Lauratu ta je makarantu uku kafin wata ta karɓe su, can ma darakta ya ce sai uban yarinya ya zo ya sa hannu a takardar jarrabawa.

"Ubanta yana bakin daga," ta ce masa.

"To ya rubuto izini."

"Ta ina zai rubuto, malam? Ko muryarsa ban ji ba yau kwana ashirin."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce akwai sauran lokaci, ta dawo wata mai zuwa. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da Ilham, kwana huɗu suna hanyar asibiti a kan babur. Ranar da yarinyar ta fara cin abinci, ranar Lauratu ta zauna bakin rijiya da wanki a gabanta, hannunta cikin kumfa, ta kasa ci gaba. Hajjo ta same ta a haka, ta janye bahon gabanta ta ƙarasa wankin.

Salmanu ya iso ranar wata Alhamis da azahar, babu sanarwa. Sai da ya fara zuwa Ngeli, ya tarar unguwar ta zama tafki, wani maƙwabci da ke zaune a rumfa kan titi ya ce masa iyalinsa suna Gudji. Ya yi sallama a ƙofa da jaka ɗaya a kafaɗa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, wandonsa jiƙe har cinya. Zahra ta ruga ta rungume shi. Ilham ta laɓe bayan uwarta tana leƙensa.

"Ke, babanki ne fa," in ji Lauratu.

Yarinyar ta gaishe shi da Larabci, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon gida. Ya yi dariya, amma Lauratu ta ga dariyar ba ta kai ko'ina ba.

"Kwana nawa aka ba ka?" ta tambaye shi tana zuba masa ruwan wanka.

"Uku."

Ta yi masa tuwo da miyar kuɓewa busasshiya da kifi. Ya ci rabi, ya jingina da bango, barci ya kwashe shi da hannunsa a cikin kwano. Ta wanke masa hannun kamar yaro, ta hana yara hayaniya. Kwana na fari ke nan ya tafi a barci.

Washegari bayan sallar Juma'a ya dawo fuskarsa a sake. Hajjo ba ta dawo daga kasuwa ba, yara suna maƙwabta. Ya zauna kan tabarma a inuwar katanga, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa mata.

"Maman Zahra, Allah ya yanke mana wahala. An ɗauke ni daga Tafki. Adre aka mayar da ni, can gabas bakin iyaka, kuma an yi mini alkawarin ɗaki biyu a bariki. Kullum zan riƙa kwana gida. Motar kaya za ta tashi ƙarshen wata, sai ku biyo ta. Ga shi ma kayan a haɗe suke, ruwa ya rage miki aiki."

Ta karanta takardar, ta ninke ta yadda ta same ta, ta ajiye kan tabarma tsakaninsu. Tana jin murnar da ke cikin muryarsa, ta san wata tara ya yi yana kwana kan yashi cikin sauro yana tunanin ranar nan. Abin da ya sa maganar ta yi mata nauyi a baki ke nan.

"Baban Zahra, ba zan je ba."

Ya dube ta kamar bai ji da kyau ba. "Ba za ki je ina ba?"

"Adre. Ba zan je ba wannan karon."

"Wani abu na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Na gaji ne."

"Gajiya? Wa bai gaji ba? Kin san abin da na baro a can?"

"Ban sani ba, don ba ka faɗa, ni kuma ba na tambaya. Na san dai ba daɗi." Ta gyara zama. "Amma ka saurare ni. Yarinyar nan makarantarta ta biyar ke nan. Duk inda muka je sai an mayar da ita baya, sai ta sake koyon sunan malamai. Bana za ta yi jarrabawa. In na ɗauke ta yanzu, shekarar ta tafi. Ilham jiya-jiya ta tashi daga ciwo. Ni kuma, wallahi, hannuna ba zai sake ɗaure katifar nan ba a shekarar nan. Sau bakwai ke nan, biyar daga ciki ba ka nan."

"Ai yanzu tare za mu zauna."

"Haka ka ce a Faya. Wata biyu muka yi tare, aka kwashe ku. Haka ka ce a Mongo."

"Ni nake rubuta takardar? Umarni ne, Lauratu."

"Na sani. Kai aka ba umarnin. Ni dai bin ka nake yi don ina so, kuma har gobe ina so. Ƙarfin ne babu."

Salmanu ya ɗauki takardar ya mayar aljihu, ya tashi ya sa takalmi ya fita ba tare da ya ce ga inda za shi ba. Lauratu ta zauna inda ya bar ta. Ta yi zaton in ta faɗi maganar za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji kamar ta sauke kaya ta ɗauki wani.

Da Hajjo ta dawo ta ji labari, sai ta ce, "Kin faɗa masa da ladabi?"

"Da ladabi na faɗa, Gwaggo."

"To kalas, shi ke nan. Ɗaki dai naki ne har ki gaji da shi. Amma kada ki bar shi ya tafi da fushi. Mutumin da ke tafiya inda ake harbi ba a sallamarsa da baƙin rai."

Ya dawo gab da magariba da ledar gasasshen nama da lemo. Bai tada maganar ba, ita ma ba ta tada ba. Ya zauna yana yanka wa Ilham naman ƙanana, tana karɓa daga nesa, har a hankali ta matso ta jingina da gwiwarsa.

Da safe ya sa kakinsa, ya ce wa Zahra ta shirya ta raka shi makaranta, ya ji ana buɗe ofis ranar Asabar. Suka tafi su biyu. Da suka dawo Zahra tana ta ba da labarin yadda darakta ya miƙe tsaye ya ba babanta kujera. Salmanu ya miƙa wa Lauratu takardar da hatimi a kanta.

"Na sa hannu. Na kuma rubuta musu cewa duk abin da ya taso, hannunki ya wadatar." Ya zauna bakin tabarma. "Darakta ya tambaye ni ajin da take, ban sani ba. Ita ta amsa."

Lauratu ta karɓi takardar ta adana.

"Ku zauna har ta gama," in ji shi. "In na ga wurin zai zaunu, sai mu sake magana."

"To. Allah ya kai mu."

Sauran yinin ya ƙare a gyaran ƙofar ɗakin da ba ta rufuwa, da ɗaure gidan sauro. Ta soya masa nama ta zuba a gwangwani, ta haɗa masa yaji da busasshen kifi da ganyen shayi. Ranar Lahadi da hantsi ta raka shi bakin titi. Ya tare babur, ya ɗaure jakarsa a baya, ya juyo.

"Ki yafe mini, Maman Zahra."

"Ba ka yi mini komai ba. Ni ma ka yafe mini. In ka isa ka kira."

"A can akwai layi," ya ce, har da ɗan murmushi.

Ya kuwa riƙa kira, kusan kullum bayan la'asar. Wani lokaci babu abin faɗa, sai ya tambaye ta me suka dafa, ta faɗa masa, ya ce shi shinkafa ce yau ma. Ɗaki biyun da aka yi masa alkawari bai samu ba, wani babba ya riga shi, shi da wasu mutum uku suke kwana ɗaki ɗaya. Lauratu ta fara bin Hajjo Dembe tana taya ta ware kayan yara daga cikin dila, daga baya ta samu gefen rumfa nata. Zahra ta ci jarrabawarta. Ranar da sakamako ya fito uban ya sa ta karanta masa makin sau biyu a waya.

Bayan sati biyu da haka ya kira da tsakar rana, ba lokacin da ya saba ba. Lauratu tana rumfa, wata mata tana gwada wa 'yarta riga.

"An sake fito da takarda," ya ce. "Arewa za mu, gaba da Faya. Jibi za mu tashi. Ban san ko akwai layi a can ba."

Ta toshe ɗaya kunnen saboda hayaniyar kasuwa. "Wata nawa?"

"Ba su faɗa ba."

"Za ku biyo ta nan?"

"A'a, ta Abeshe za mu wuce."

"To Allah ya tsare, ya kai ku lafiya. Ka sayi rigar sanyi kafin ku tashi, kada ka ce sai can."

Ya ce zai saya. Suka yi sallama, ta sa wayar cikin lalitarta. Matar nan tana tsaye da rigar a hannu tana tambaya ko akwai wadda ta fi wannan girma kaɗan. Lauratu ta ce akwai, ta sunkuya ta fara tona tarin kayan.