Hular Lauya a Kwandon Daddawa

Tunda motar ta bar tashar Tsafe, Nusaiba ba ta saki jakarta ba. A ciki akwai baƙar riga da farar hular gashi ta lauyoyi, waɗanda ba ta daɗe da fara sanyawa ba. Ƙaramar lauya ce a wani ofis da ke Sabon Gari a Gusau, kuma duk abin da mai ofishin bai da lokacinsa ita ake tura wa: rikicin gona, rabon gado, haya, sata. Jiya ma shari'ar gado ce ta kai ta Tsafe, yamma ta yi mata, ta kwana gidan gwaggonta don ba mai hankalin da zai hau hanyar nan bayan la'asar.

Yau kuwa ba gado ba ne. Belin Malam Gambo za ta nema a babbar kotu, wani manomin Bilbis da aka kama da ƙullin tuwo zai kai wa masu yi masa noma, aka ce 'yan bindiga yake ciyarwa. Tari ya ci ƙarfinsa a gidan yari. Daga yau kotu za ta tafi dogon hutu, in ba a ji roƙon ba yau, sai bayan damina.

Suna cikin tafiya sai motocin da ke tahowa suka riƙa kunna musu fitila. Direba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ba wanda ya tambayi dalili, kowa ya san 'yan bindiga sun tare hanya a gaba. Wani ya fara salati ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar da ke kusa da ita, mai kwandon daddawa a cinya, ta taɓa ta.

"Ɗiyata, mi ke cikin jikkar ga da kika rungume haka?"

"Kayan aiki ne, Inna. Lauya ce ni."

"Innalillahi! In sun ga hular ga ai alƙali za su ce. Miƙo nan, maza."

Nusaiba ta zaro rigar da hular. Tsohuwa ta tura su can ƙarƙashin daddawa ta ja tsumma ta rufe. Suka zauna. Idon Nusaiba na kan gonar dawa, duk karan da ya motsa sai ta ga kamar mutum ne. Can sai motar sojoji ta wuce, direbobi suka bi bayanta a guje. A Kwatarkwashi tsohuwa ta sauka, kowa na yi wa kowa barka.

Sai a ƙofar kotu Nusaiba ta buɗe jaka. Ba riga, ba hula, sun tafi a kwandon tsohuwa.

Ta shiga haka nan, ta raɓe a bencin baya inda ƙananan lauyoyi ke zama har manya su gama. Luba, matar Malam Gambo, ta hango ta daga cikin jama'a ta ɗaga mata hannu da murna. Nusaiba ta kasa kallonta.

Aka kira shari'ar. Aka shigo da Malam Gambo yana dafa bango. Lauyan gwamnati ya gabatar da kansa. Nusaiba ta miƙe.

"Ya Mai Shari'a, ni ce ke kare..."

Alƙali ya ɗago, ya dubi daidai inda take, ya kuma duba gefe.

"Akwai lauyan da ke tsaya wa wanda ake tuhuma? Ban ga kowa ba."

Ta san ƙa'idar tun a makaranta. Lauyan da bai sa riga da hula ba, kotu ba ta ganinsa, ba ta jin sa. Alƙali ya ɗauki alƙalami. Malam Gambo ya yi tari mai tsawo.

A bencin gaba Hajiya Wasila ta juyo, babbar lauyar da ƙanana ke canza hanya in sun hango ta. Ta gama tata shari'ar, har ta haɗa littattafanta.

"Ke, ina kayanki?" ta ce a hankali.

"Suna cikin daddawa, Hajiya."

"Cikin me?"

"An tare hanyar Tsafe."

Hajiya Wasila ta miƙe ta rusuna wa alƙali, ta roƙi a jinkirta kaɗan, sannan ta ja Nusaiba waje. A baranda ta tuɓe rigarta ta yafa mata, ta ɗora mata hular a kan hijabi.

"In kika yi mini in'ina a cikin rigar nan, sai na cire ta a gaban kowa. Wuce."

Rigar na jan ƙasa, hular na zamowa kan goshi. Alƙali ya sake ɗagowa.

"Yanzu na gan ki. Ina jin ki."

Nusaiba ta faɗi komai: tuwon, gonar, tarin. Lauyan gwamnati ya yi suka. Alƙali ya daɗe yana rubutu, sannan ya ba da beli, da sharaɗin mai unguwarsu ya zo da kansa ya tsaya masa kafin a tashi aiki.

Luba ta riƙe hannunta a waje tana kuka.

"Mai unguwa ba ya da waya, Barista. Sai an je Bilbis an ɗauko shi."

Nusaiba ta dubi rana, ta ga ta kusa tsaka. Ta mayar wa Hajiya Wasila kayanta, ta rungume jakar da ba komai a ciki, ta tare mai mashin zuwa tashar motocin Tsafe, za ta ɗauko mai unguwa.