Waya Biyu a Unguwar Sintali

Malam Hammanjoda ya ɗaure noti na ƙarshe, ya goge hannu da tsumma. Bai kalli ƙofar zaure ba. Ya san motar mai sayen tsohon ƙarfe tana can tun hantsi.

Injin sassaƙar ƙarfen ya girmi ɗansa Abbo. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki da shi a ma'aikatar ayyuka, kafin a raba jiha a yi gwanjonsa. Ya kawo shi gida a tirela, ya shekara biyu a zaure bai motsa ba. Abbo yana son zauren ya buɗe shago. Tsohon da bakinsa ya ce in yau bai tashi ba kafin la'asar, a ɗauka.

"Baba, la'asar ta kusa," in ji Abbo.

"Na ji kiran salla?"

Simeon mai gyaran wuta, wanda ya ja layi uku daga turken lantarki jiya, ya leƙo. "Bappa, bari na duba waya ɗin kafin ka kunna."

"Tun ba a haife ka ba nake haɗa waya."

Ya danna makunni. Injin ya yi gurnani, bel ya kama, kan da ke damƙe ƙarfe ya soma juyawa. Abbo ya matso, baki buɗe, ya sunkuya daidai gabansa.

Sai tsohon ya gani. Baya yake juyawa. Kan nan kuwa ɗaura shi ake kamar noti. In ya juya baya, kwancewa yake. Nauyinsa ya kai rabin buhun siminti.

Ya bangaje Abbo da kafaɗa, ya kashe wuta. Kan ya fita, ya daki ƙasa inda ƙafar Abbo take, ya gangara ya fasa randar Hajja, uwar Abbo.

Ruwa na bin ƙasa.

Abbo ya miƙe, ya juya kan Simeon. "Kai ka so kashe ni! Wane irin aiki ne wannan?"

Simeon ya sunkuyar da kai.

"Ƙyale shi," in ji Malam Hammanjoda. "Layi ya ja. Ni na haɗa."

Abbo bai taɓa jin irin wannan daga bakin ubansa ba.

Tsohon ya miƙa wa Simeon sukudireba. "Jar waya da shuɗiya. Musanya su. Idonka ya fi nawa."

Su biyu suka ɗaga kan, suka mayar. Daga masallacin unguwa ladan ya soma kira. A waje mai motar ya danna oda.

"Ku fita," in ji tsohon.

Abbo ya dubi ƙofa, ya dubi ubansa. Sai ya leƙa waje ya ce wa mai motar ya tafi, ya dawo ya tsaya a bayan tsohon.

Malam Hammanjoda ya naɗe hannun riga, ya ɗora yatsa a makunni.